Tabarau na Sule Shida

Shekarun baya masu nisa, tun ana kashe fam da sule, ina sabon malami a makarantar elemantare a Wudil, shekarata ashirin da biyu. Banki a lokacin sai dai mu ji labarinsa a Kano. Abin da muke da shi wani kanti ne a bakin kasuwa, wanda ya buɗe wa masu albashi kati. In an yi albashi ka kai abin da za ka iya ajiyewa, a rubuta a katinka. Duk abin da ka ɗauka kuma, sukari ne ko kananzir ko yadi, a cire daga ciki. Ƙarshen wata akawu ya miƙo maka takarda, ka ga abin da ya shiga da abin da ya fita.

Akawun kantin abokina ne, tabarma ɗaya muka zauna a aji tun muna yara. Ni kuwa a shekarar keke nake tara wa kuɗi, saboda haka ko kwabo ne ya motsa a katina sai na san inda ya nufa.

Wata Laraba na karɓo takardata, na zauna a gindin wata tsamiya ina bi layi-layi. Komai na gane shi, har da wasu 'yan kayayyaki da ban so kowa ya san na saya ba. Sai can ƙasa na ga an rubuta: tabarau ɗaya, sule shida, littafin rubutu da fensir biyu, sisi. Na sake karantawa. Ni da nake gane mutum tun yana ƙetaren kogi, me zan yi da tabarau? Fensir kuwa a makaranta ake ba mu.

Ban ko tsaya shan ruwa ba na koma kantin. Na tarar da mutane cike, amma ban ja abokina gefe ba. A gabansu na ɗora takardar a kan kanta na ce, "Malam, wannan fa?"

Ya duba, ya yi ɗan murmushi, ya ce, "Ba kuskure ba ne. An karɓa."

"Wa ya karɓa?"

"An ba ni amana. Ka yi haƙuri zuwa Juma'a."

Murmushin nan ne ya ƙara tunzura ni. Na ce amanar wani ce za ta ci kuɗina? Na faɗi maganganun da har yau in na tuna sai na ji kunya. Na ce da ma an ce akawu ba ya tsufa da hannu mai tsabta. Na ce ranar Juma'a in mai kanti ya dawo daga Kano, ni da kaina zan kai masa ƙara. Kowa a wurin ya san abin da wannan ke nufi: kora. Ga shi kuwa matarsa ta haihu ko suna ba a daɗe da yi ba. Fuskarsa ta canza, amma bai ƙara cewa komai ba sai, "Allah ya kai mu."

Kwana biyun nan na ɓata su wajen rubuta takardar ƙara da Turanci, shafi biyu cur, ƙamus a buɗe a gefena. Duk kalmar da na ga ta fi tsawo ita nake ɗauka.

Ranar Juma'a, ranar kasuwa, ana saukowa daga masallaci na nufi kantin, takarda a aljihu. Ina isa sai ga mahaifina yana ɗaure jakinsa a jikin dirka. Daga Lajawa yake zuwa cin kasuwa, amma ban saba ganinsa a kanti ba. Na durƙusa na gaishe shi, ya tambayi aiki, na tambayi mutanen gida da gona. Sannan ya ce, "Na ji an ce an yi maka sata."

Na ce, "Wallahi, Baba, sule shida da sisi." Na fito da takardar kantin zan karanta masa.

Ya ce, "Kawo nan."

Na miƙa masa don ladabi kawai, domin mahaifina ajami ya sani, boko kuwa shekara biyu aka yi ana fama da shi kafin ya yarda a sa ni. Sai na ga ya sa hannu a aljihun taguwarsa, ya zaro wani ƙyalle, ya warware a hankali. Tabarau. Ya maƙala shi a hanci, ya ɗaga takardar, ya sa yatsa a layin ƙarshe.

"Ta... ba... rau," in ji shi. "Su... le... shida. To, ga ɓarawonka."

Kantin nan ya kaure da dariya. Ashe wata huɗu ke nan yana zuwa ajin yaƙi da jahilci da aka buɗe a ƙauyenmu, ana yi bayan la'asar, kuma ya hana kowa ya gaya mini. Baƙaƙen littafin ne suka yi wa idonsa ƙanana, malaminsu ya ce ya nemi tabarau.

Na ce, "Baba, ai da ka gaya mini."

Ya ce, "In gaya maka ka yi ta yi mini kallon 'ai da ma na faɗa'? Na gaji ne. Ka aiko wasiƙa, ajaminka kamar kaza ta yi tono, bokonka kuma sai na kai wa wani ya karanta mini. Kafin in iso gida duk Lajawa ta san ka yi zazzaɓi. Kuɗin kuwa na so in biya in na sayar da gyaɗa. Amma tunda har ƙara za ka kai, na fasa. Shekara ashirin ina ciyar da kai, ka taɓa ganin na aiko maka da takarda?"

Na juya wajen abokina. Tunda a gaban jama'a na ci masa fuska, a gaban jama'a na roƙe shi gafara. Ya ce ya yafe, da sharaɗin in ba shi takardar Turancin nan ya ajiye. Na ba shi. Har ya tsufa, in an taru ana hira, sai ya ɗauko ta ya karanta wa mutane da muryar Bature.

Na ɗauka magana ta ƙare, ashe Baba bai gama ba. Daɗin karatu ya kama shi, sai yatsan nan ya fara hawa sama.

"Su... ka... ri. Ka... nan... zir. Tu... ra... re." Ya ɗan dakata. "Ɗan... kwa... li." Ya leƙo ni ta saman tabarau. "Malam, ɗankwali kake ɗaurawa yanzu in za ka aji?"

Na sunkuyar da kai. Abokina, wanda ya riƙe amanar Baba har ya kusa rasa aikinsa, tawa ko minti ɗaya bai riƙe ba. Ya ce, "Baba, yarinyar a Dagumawa take." Wata uku ina neman hanyar da zan fara wannan magana a gida na kasa. Kafin kaka ta wuce, ƙannen mahaifina sun kai gaisuwa. Ita ce uwar 'ya'yana duka.

Yanzu zamani ya canza, a waya ake aiko wa mutum cewa an cire masa kuɗi. In na ga abin da ban gane ba, har yau ba na ƙyalewa, sai na bi ba'asi, don haƙƙina ne. Abin da na daina shi ne yanke wa mutum hukunci kafin in ji bakinsa. Na kusa raba abokina da abincinsa a kan abin da ya zama mafi albarka cikin duk abin da na taɓa biya. Bayan sati uku da waccan Juma'ar wasiƙar Baba ta iso mini makaranta, da fensir, layuka sun karkace kamar kunyar sabon manomi. Abin da ke ciki bai fi layi biyu ba: "Muna lafiya. Wannan ni na rubuta, ba wanda ya ji."