Katakon Motar Yaya Ilu

Duk wanda ya san Yaya Ilu ya san ba a samunsa a zaure da hantsi. Sai ka zaga bayan gida, ƙarƙashin darbejiya, inda tsohuwar motarsa take. Za ka tarar da ƙafafunsa a waje, sauran jiki a ciki, yana goge katakon gaban motar da tsohon rawani. Ka yi sallama ya amsa bai ɗago ba. Ka ce, "Yaya, ina aiki?" Ya ce, "Saura kaɗan." Na tafi Sudan fatauci na dawo, saura kaɗan. Na yi zaman Kumasi har na iya yarensu, na dawo Kazaure da furfura, saura kaɗan.

Ɗan wan mahaifina ne, ya girme ni, don haka ko da na tsufa ba ni da bakin ce masa ya isa haka. Motar kuwa baƙa ce ƙirar Ingila, ya saye ta a hannun wani Bature injiniya da zai koma gida. Gaban direba, inda agogunan mota suke, duk katako ne mai ruwan zuma, ga wasu sirara a jikin ƙofofi. Ranar garinmu ta gasa shi har ya yi faso kamar dunduniyar manomi. Wannan fason ne ya cinye wa Yaya sauran rayuwarsa.

Akwai dalili. Lokacin da yake neman auren Hajiya Asabe, a keke yake zuwa Roni. Yayarta, Inna Dije, wadda ta raine ta, takan tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Ga mai jirgi nan ya iso." Abin bai taɓa barin ransa ba. Ran da motar ta zo ya rantse sai ya kai Hajiya Roni a cikinta, Inna Dije ta gani da idonta, amma sai katakon ya koma yadda aka ƙera shi. Shekaru suna tafiya, Hajiya tana zuwa Roni a motar haya, idon Inna Dije kuma yana ta raguwa.

Wata dawowa na kawo masa man katako na gwangwani daga Kumasi, irin wanda kafintocin can ke shafa wa kujera har ka ga fuskarka. Ya buɗe, ya shinshina, ya rufe.

"Wari kamar asibiti. Kai Sule, kakanninmu da me suke shafa akushi?"

"Yaya, mota fa ba akushi ba ce."

"Itace ne ko ba itace ba ne?"

Sai ya aika garin Gwiwa aka karɓo masa man shanu a wajen wata Bafillatana. Ya shafe katakon nan tas, ya rufe gilasai, ana tsakiyar bazara. Kai jama'a! Bayan 'yan kwanaki in ka doshi darbejiyar nan sai ka toshe hanci. Kiyashi suka yi layi tun daga bakin rijiya. Ɓeraye suka shiga, da suka lashe mai suka zarce kan kujera. Hajiya ta leƙo ta taga, ta duba, ta ce, "Malam, akushi ya samu, man shanu ya samu. A kawo tuwon nan ne ko ka fito?"

Washegari ya fasa kwalba ya zauna kankare man da gutsurenta, wai sanfefa tana da mugunta, ba ta san inda za ta tsaya ba. Wannan kankara ita ma ta ci rani guda.

Daga nan ya koma kan ƙaro. Ya ce shi ne ake zuba wa tawada rubutu ya yi sheƙi a allo, kuma allo ai katako ne. Ya jiƙa, ya tace, ya shafa, ya bari ya bushe, ya ƙara. Gaskiya katakon ya yi kyau, ko ni na yaba. Sai ya gayyato limamin unguwa ya sa albarka, bai lura ruwa ya fara sauka ba, iska ta yi laima, ga gumi. Liman ya shiga da sabuwar babbar rigarsa, ya jingina hannu a katakon ƙofa, ya ja doguwar addu'a. Da aka zo shafawa, hannu ɗaya ne ya tashi. Ya yunƙura zai fizge, sai Yaya ya yi tsalle.

"Allah gafarta Malam, kada ka ja! Za ka ɓata min aiki!"

"To Ilu, nan zan kwana?"

"A'a, kai ka tafi. Rigar ce za ta tsaya."

Haka Liman ya zare jikinsa ya koma gida da 'yar ciki, yana ta salati. Na ga buhunan ƙaro jibge kamar dutse a kasuwar Omdurman ta Sudan, amma ban taɓa ganin an kama liman da shi ba sai a garinmu.

Mu dai mun gaji. Ni na daina ba da shawara, Hajiya ta daina tsokana. A ƙarshe ya ɗauko gwangwanin nan nawa a ɓoye ya shafa, ya ce wai haɗinsa ne.

Sai saƙo ya zo daga Roni cewa Inna Dije ba ta gane mutum sai ya yi magana, haske kawai take gani. Hajiya ba ta yi faɗa ba. Da safe ta yafa mayafinta na unguwa, ta buɗe motar, ta zauna a gaba.

"Hajiya, gefen nan bai bushe ba."

"Malam, ko yau, ko kuma ka aiko min da buta da sallaya nan."

Sai ya shiga gida ya sako rigar Juma'a, ya zauna, ya murɗa makulli. Shiru. Ya sake. Shiru. Aka ɗaga murfin inji, ga kaza kwance a kan ƙwai tana harararmu. Duk shekarun nan ko sau ɗaya bai leƙa wajen ba. Makanike ya zo ya duba ya ce, "Baba, wannan sai dai a yi mata addu'a."

Na roƙi wani maƙwabcina mai akori-kura da zai kai kaya Roni. Aka ba tayoyi iska, aka ɗaura igiya. Yaya ya riƙe sitiyari, yana ɗaga wa mutane hannu a hanya kamar shi ke jan mu. Ina baya a kan kujerar da ɓeraye suka rage, duk gangara ina kalmar shahada. Da muka kusa gidan sai Yaya ya buga ƙofa ya ce a tsaya a kwance igiya.

"Ba za ta gan ni a ɗaure kamar rago ba. Sule, sauka."

Ni da na hau jirgin ruwa na hau na sama, ga ni da ciwon gwiwa ina tura mota a lungun Roni, ni da direba da wasu dattawa biyu da suka fito daga masallaci suka tausaya mana.

Aka fito da Inna Dije a hankali. Hajiya ta kama hannunta ta kawo ta bakin taga. Rana tana dukan katakon nan yana walƙiya. Tsohuwa ta sunkuya, ta ƙura ido, ta daɗe.

"Ilu, na gani. Wallahi ka yi mota." Ta karkata kunne. "Sai dai ban ji kukanta ba."

Yaya Ilu ya ce, "Ƙirar Ingila ce, Inna. Ba su da surutu."

"Haka ne. Nishin tsofaffi kawai na ji."

Hajiya ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta suna rawa, ban san ko dariya take ko kuka ba. Ina jin duka biyun ne.

Motar ba ta dawo ba, tana can ƙofar gidan har yau. Shi dai kafin mu taho ya ari sukudireba ya kwance katakon gaban, ya rungume shi a motar haya har Kazaure. Ya ce mota ta gama nata aikin, katako ne da saura. Bayan an yi girbi ya kwanta, bai ƙara tashi ba.

Na gaji da raka tsararrakina maƙabarta, amma rakiyarsa ta fi yi min nauyi. Ya wahalar da mu, ya kuma cika alkawarinsa tun tsohuwar nan tana da sauran gani. Allah ya jiƙan Yaya Ilu, ya yafe masa, ya hutar da shi. Allah ya ba Hajiya haƙuri, mu kuma ya kyautata namu zuwan.