Amfilifayar Ladan a Babur ɗin Sagiru

Jama'a, wallahi abin da zan ba ku ba ji na yi ba, a kan idona aka yi, kuma da rana tsaka, kada wani ya ce magagin barci ne. Shekarun baya ne, da damina, lokacin ina gyaran rediyo a gindin wata tsamiya a ƙauyenmu, can tsakanin Bagwai da Makoda. Karatuna bai wuce firamare ba, ita ma ta taga na fita, amma waya ja da waya baƙa dai na san su.

Akwai ɗan wana, Sagiru, gida ɗaya muke. Ya samu kuɗi a cinikin wake a Dawanau, to maimakon ya sayi shanun huɗa kamar ɗan mutane, sai ya sayo wani ƙaton babur irin na masu yawon duniya, mai akwatuna hagu da dama kamar jaki da mangala. Yawon duniyar tasa kuwa daga ƙofar gida zuwa wajen mai shayi ne. Har da hular kwano, kai ka ce yaƙi za shi.

Wata rana ya faka a gabana ya ce, "Baffa, sautin kiɗan babur ɗin nan bai kai ba. So nake in ina Bagwai a san na taso."

Na ce, "Ɗana, ai salansarka ma ta hana kaji ƙwai."

Ya zaro sababbin sifiku da ya sayo a Kano, na kwance na kan babur ɗin na ɗaura su. Amma amfilifayar babur ɗin 'yar mitsitsiya ce, ta kasa jan su, waƙa na fita kamar akuya mai mura. Gogan naka sai ya tuna ya saya wa masallaci sababbin kayan sauti, ya sha hoto a waya duniya ta gani, tsohuwar amfilifayar tana ɗakin ajiya. Ya je ya sunkuto ta, wai tsohon ƙarfe ya fi ƙarfi, ga shi da batir take aiki.

Wannan amfilifaya ta marigayi Ladan Mamman ce. Shi kiran sallah da baki yake yi, ba ya kunna ta sai an yi mutuwa. Kuma yana da al'ada, sai ya hura iska fuu-fuu, ya yi gyaran murya, sannan ya faɗa. Duk wanda ke gona ya ji fuu-fuun nan ajiye fartanya yake yi.

Na ce masa, "Sagiru, abin nan bai taɓa jin kiɗa ba, mutuwa kaɗai ya sani."

Ya yi dariya ya ce, "Baffa, ƙarfe ne fa. Ku tsofaffi komai sai kun sa masa aljani."

To, na cusa ta a akwatin dama, na ja waya zuwa batir, na sa fiyus, na naɗe da salatif. Ba makirfo, ba kaset, daga wayarsa waƙar ke shiga. Da ya kunna, ai sai da tsamiya ta zubar da ganye. Ya ce in hau mu gwada, ni ma da rashin aikin yi na ɗare.

Mun ratsa cikin gonaki, gero ya kai ƙugu, mutane na maimai, wato noma na biyu, shi kuwa sai kaɗa kai yake yana ɗaga musu hannu kamar ɗan takara. Kawai sai waƙar ta ɗauke ɗif. Sai na ji fuu-fuu. Sai gyaran murya. Na rantse da Allah muryar Ladan Mamman ce, mutumin da ni na riƙe makararsa. Ya ja Inna lillahi har ƙarshe, ya ce za a yi jana'iza bayan la'asar a ƙofar gidan Malam Audu, gidanmu ke nan, sannan ya ce, "Allah ya yi wa..." Sagiru ya taka burki muka zube cikin gyaɗar mutane, ya rarrafa ya fizge wayar batir kafin sunan ya fito.

Jarumin duniya, sai ga shi yana cewa, "Baffa, wa zai faɗa? Baffa, wa zai faɗa?"

Na ce, "Ka tsinke masa magana, ni za ka tambaya?"

Ya ƙi sake hawa, turo babur ɗin muka yi ta cikin laka, ga nauyi kamar bijimi. Kafin mu iso an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, mata na shiga da salati, duk wanda ke gona ya ji shelar. Aka duba gida ɗaki-ɗaki, kowa lafiya lau, har tsohuwarmu tana tsinkar zogale tana zagin masu kuka. Liman ya aika a tsayar da masu haƙa kabari, aka tarar har sun gama. Kun san a nan ba a haƙa sai an auna mamaci da kara an kai. Aka ce wa ya kai muku kara? Suka ce a bakin maƙabarta suka tsince shi a jingine, an yanke shi tsaf, suka ɗauka aikowa aka yi.

La'asar ta yi, ta wuce, babu wanda ya mutu. Aka mai da ƙasa, aka mai da amfilifaya ɗakin ajiya. Sagiru ya sayar da babur ɗin a makon, yanzu keke yake hawa, ko ƙararrawa babu, kuma sahun farko ba ya wuce shi.

Karan kuwa, da aka kawo shi ƙofar gida na saci jiki na tsaya kusa da shi, sai ga tsawonsa daidai kaina. Na waiga na ga Sagiru yana kallona, ga shi duk gidan ni da shi ne tsawonmu ɗaya. Kuma Ladan cewa ya yi bayan la'asar, bai ce ta wace rana ba.

Don haka ku masu son a ji ku tun daga nesa, in za ku ƙara wa babur murya ku sayi sabuwa a kwali, tsohuwa kuwa ku tambayi abin da ta saba faɗa. Ni dai har yau in an sallame la'asar sai na leƙa in ga ko keken Sagiru ya dawo, shi ma sai ya leƙo ya ce, "Baffa, kana nan?"