Tsakuwar Kogi a Rijiyar Kawu

Shekarar da muka gudo daga arewa, gidan Kawu a unguwar Yolde Pate cikin Yola ne ya karɓe mu. Da yake ba mu shiga sansanin 'yan gudun hijira ba, sai ake ce mana masu sa'a. Ni da mahaifiyata Dada da ƙannena aka ba mu ɗaki guda, Baba kuwa zaure ya samu. An hana acaɓa, ga dokar hana fita, ko'ina shingen bincike. Kasuwa ma sai dole, don kowa tsoron taro yake.

Baba malamin labarin ƙasa ne a sakandaren garinmu. Kowace shekara yakan cika mota da ɗalibai ya kai su duwatsun Song, ya nuna musu baƙin dutsen da ƙasa ta taɓa amayarwa yana tafasa. Mutumin da ba ya gajiya da magana, sai ga shi kan tabarma da rediyo a kunne, in ka gaishe shi ya ɗaga hannu kawai.

Mun yi wa gidan yawa, ruwa ya daina isa. Kawu ya kira masu haƙa su tona rijiya a bayan gida. Da farko baƙar laka suka yi ta fitarwa, daga baya ja, can sai ga farin yashi kamar an wanke. Wata rana da hantsi Baba ya zo wucewa da buta, ya tsaya cak. Guga ya fito da tsakuwoyi masu santsi, da 'yan ɓawon dodon koɗi a ciki. Ya ajiye butar, ya durƙusa.

"Adda," ya ce, haka yake kirana don bakin ƙannena, "zo ki taɓa. Wa ya goge wannan?"

"Ruwa, Baba."

"To ina ruwan?"

Na waiga. Kogin Binuwai na can nesa, ko ƙamshinsa ba ma ji. Ya ce kogin ya taɓa kwanciya a daidai inda muke tsaye. An yi zamanin da damina ta yi ƙarfi har tafkin Cadi ya zama kamar teku, hamada ta yi ciyawa, dorina na iyo a inda yanzu raƙumi ke neman inuwa. Sai fari ya zo ya daɗe, koguna suka tsuke, yashi ya rufe. Sai ruwa ya sake dawowa. Kowane juyi ya bar shimfiɗarsa, ɗaya kan ɗaya, ga su nan a bakin rijiya.

Kawu ya ce, "Malam, wannan a zamanin wane sarki?"

Baba ya yi dariya, ta farko tun zuwanmu. "Babu sarki, babu Yola, babu ma wanda zai sa wa wurin suna."

Daga ranar ya matsa sai ya je bakin gada ya duba gaɓar kogi, ya ga ko shimfiɗun sun yi daidai da na rijiya. Dada ta hana, ya ƙi ji. Sai ta ce in raka shi. Muka hau keke mai ƙafa uku zuwa Jimeta, muka ƙarasa da ƙafa. Ga tsaunin Bagale a ƙetare, ga titin da ya miƙe zuwa garinmu. Baba ya tsaya yana nuna min gaɓa da yatsa, yana auna ta da ido. Ba mu daɗe ba wani mai tsaron shinge ya taso, bindiga a hannu.

"Me kuke nunawa a ƙarƙashin gada?"

"Ƙasa nake dubawa, ɗana. Ni malami ne."

"Baba, yanzu ba lokacin duba ƙasa ba ne. Ku zauna can."

Muka zauna a rana kan bulo, masu wucewa na kallonmu. Ban ga laifin yaron ba, shi ma a tsorace yake. Da babbansu ya zo ya ji bayani, ya ba Baba haƙuri, ya ce mu koma gida, kada mu sake tsayawa a wurin. Muka hau keke muka koma. Baba bai ƙara neman fita ba.

Da hanya ta buɗe, ƙannena suka koma suka tarar da gidanmu ba rufi. Kafin su gyara, ɓarin jikin Baba ya shanye. Na samu koyarwa a Jimeta, na kama haya a unguwar Shagari Low Cost, na ɗauko shi da Dada. Kullum cewa muke bayan damina za mu koma garinmu.

Daminar bara kogi ya yi ambaliya, ruwa ya datse hanyar makarantarmu, na juyo gida da takalma a hannu. Baba na kwance kusa da taga. Da ƙyar harshensa ke juyawa yanzu, amma ya tambaye ni launin ruwan. Na ce ja ne, mai kauri, kamar kunun dawa.

"Daga tsaunukanmu ya kwaso," ya ce.

Na gyara masa matashi, na je na tare bakin ƙofa da buhun yashi, don ruwan ya fara shigowa layinmu.