Kalangun da Muke Naɗewa da Harami

Jiya ina gyaran ɗaki na ci karo da tsohon kalanguna, har yanzu naɗe da harami.

A shekarun 1960 mu huɗu muke kiɗan biki a unguwar Mansur, nan Makka, da kalangu da goge da jita. Ba mai iƙama, wato takardar izinin zama, a cikinmu, shi ya sa in muna gwaji nake naɗe kalangun kada sauti ya fita.

Wani yammaci aka ƙwanƙwasa ƙofa. Malam Buba ne, limamin layinmu. Kalma ɗaya daga bakinsa ta isa a tasa ƙeyarmu zuwa ƙasarmu.

Ya ce, "Wa ke shaƙe kalangun nan?"

"Ni ne, Baffa. A yi haƙuri."

"Miƙo."

Ya warware haramin, ya saƙala kalangun a hammata. Wallahi sai ya hau kaɗawa! Kalangu ya dinga magana kamar mutum, hawaye na bin gemun Malam.

"Sana'ar mahaifina ce," in ji shi. "Shekara arba'in rabona da ita."

Ya miƙo mini, ya tafi jan magariba. Har ya rasu bai sake ta da zancen ba.

Ku fa, wane dattijo ne ya taɓa barin ku baki buɗe haka?