Hanyar Kwazazzabo

Da aka datse ruwa a Bakolori aka tashe mu, ni na faɗa wannan gefen kwazazzabo, yayata ta faɗa wancan. Tsakaninmu hanya ɗaya ce, siririya, manne da jikin dutse, ƙasa kuwa rami ne da ba a son leƙawa. A damina ta biyu hanyar ta zabge. Shekara bakwai ban sa yayata a ido ba. Zagaye ta Maradun a bayan akori-kura ya fi ƙarfin ƙugunta, ni kuma ina jinyar maigida.

Sai mazan garuruwan biyu suka yi gayya, suka sassaƙe dutsen, suka shimfiɗa katako, suka kafa ƙarfen dafawa. Ranar da aka gama na tafi. Na tarar da mutane cirko-cirko a bakin hanya, kowa na yabon aiki, ba mai sa ƙafa.

Ɗan ƙanena, magini, ya tare ni. "Gwaggo, bari matasa su fara."

"Kai ka gina ta ko ba kai ba? Kauce."

Na jijjiga ƙarfen da hannu biyu. Bai motsa ba. Ban gaya masa ba.

Ka'idar hanyar tun kakanni, tunda ba ta ɗaukar mutum biyu: kafin ka shiga ka yi kira sau uku. In an amsa ka jira, in kun haɗu a ciki ƙarami ke juyawa. Na cika ƙirji na ce, "Akwai mai zuwa?" Sau uku. Shiru. Na yi bisimilla na shiga.

Katako na ƙara, ban dubi ƙasa ba. Ina karya kwanar tsakiya sai ga tsohuwa da sanda, tana laluben dutse. Kunnenta ya yi nauyi, ba ta ji kirana ba.

Ta ƙura mini ido. "Ke ce ƙarama. Juya."

"Yaya, shekara bakwai nike jiran hanyag ga. Wallahi ba ni juyawa."

"Har yau ba ki da kunya."

"Babu."

Ta yi dariya har sandar ta kusa kuɓuce mata. Sannan a hankali ta juya, abin da babba bai taɓa yi ba a hanyar nan. Na riƙe gefen zanenta, muka fita ta garinsu, mata na guɗa a duka gaɓoɓin biyu.