Waƙar Dakan Gwaggo

Zamanin da muke ƙarƙashin Jihar Sakkwato, na yi aiki a wani ɗan ofishin al'adu a Birnin Kebbi. Mutane in sun ji an ce ofishin al'adu sai su ɗauka kullum kiɗa muke sha. Ina! Ni dai aikina kati ne. Duk kaset ɗin da aka ɗauko daga ƙauye, na makaɗan noma ne ko na masunta, sai na saurare shi daga farko har ƙarshe, sannan in buga masa kati da tafireta: sunan waƙa, sunan mawaƙi, garin da aka ɗauke ta, kayan kiɗan da ke ciki, da abin da take magana a kai ko wanda aka yi wa ita. Ana jera katunan cikin durowa, a jera kaset a kan kanta, lamba ta haɗa su.

Shugabanmu Basakkwace ne, dattijo mai sanyin magana, wanda ya je Kudu ya yi kwas kan adana kayan tarihi, ya dawo da wani littafin ƙa'ida mai kauri. Da farko dariya nake yi wa littafin a ɓoye. Wa ya gaya wa mutanen da suka rubuta shi cewa waƙar noma tana da suna? Amma sun yi tanadi: in waƙa ba ta da suna, ka ɗauki layinta na farko ka sa mata. Ranar da wani manomin shinkafa ya zo daga Zauro yana neman muryar mahaifinsa da ya rasu, muka zaro masa ita kafin ya gama shan ruwan da aka ba shi, ranar na daina dariya.

Abu ɗaya ne bai taɓa kwanta mini ba. In ba a san wanda ya yi waƙa ba, a gurbin sunansa sai a rubuta "ba a sani ba", katin ya tafi durowar ƙasa. Ita ce ta fi kowace cika, kuma yawancin muryoyin da ke cikinta na mata ne. Duk sanda na duƙa zan buɗe ta sai in ji wani iri.

Wata kaka aka tura ni Argungu in ɗauko waƙoƙin masunta. Da na gama, na ce ba zan koma ban gaida Gwaggo ba, ƙanwar mahaifina da ke aure a Augie. Na tarar da ita da matan gidan suna dakan shinkafa a tsakar gida. Na roƙe su in ajiye rikoda kusa da turmi. Suka yi ta yi mini dariya, wai ɗan boko ya rasa aikin yi, amma suka yarda. Aka yi lugude, aka yi waƙoƙin habaici, aka zolaye ni da cewa har yanzu ban iya cin kifi ba sai an cire mini ƙaya. Can da daka ya yi nisa, sauran suka yi shiru, Gwaggo ta ɗauko wata waƙa ita kaɗai, a hankali, tana bin saukar taɓarya:

"Gora ya komo, ina mai gora?
Tuwo ya huce, ban ɗauke kwano ba."

Nan take na gane wanda take nufi. Ɗan farinta, taubashina, masunci ne. Mun tashi muna tsokanar juna, yana ce mini bawansa, ina ce masa mai warin kifi. Daminar da ta gabaci waccan kakar ya shiga gulbi bai fito ba, sai goransa aka tsinta yana yawo a kan ruwa. Gwaggo kuwa, kamar kowace uwa ta kirki a wurinmu, ba ta taɓa kiran sunan ɗan farinta ba. Yana raye ba ta kira ba, sai dai ta ce "wancan". Da ya rasu ma ba wanda ya ga hawayenta. Mata suka yi ta yaba kunyarta. Ni ma na yaba da baki, amma a zuciya haushi na ji, don gani nake an bar shi ya tafi ba mai kuka.

Ashe ga inda take kukanta.

Da na dawo ofis, na buga duk katunan Argungu, na bar wannan. Shugaba ya lura. Ya sa na kunna masa, ya saurara idonsa a rufe, ya ce waƙar daka ce mai kyau, wa ta yi ta? Na ce na san ta. Ya ce to me nake jira?

Na yi masa bayani. Ma'aikatan rediyo sukan zo aron kaset a wurinmu, ɗalibai ma haka. In na sa sunanta, na kuma rubuta cewa makokin ɗan farinta take yi, to wata rana za a ji a Augie, kuma kunyar da ta riƙe duk tsawon rayuwarta ni ne zan zubar mata da ita da tafireta.

Ya ce, "To sai ka sa ba a sani ba."

A nan taurin kaina ya motsa. Na ce, "Ranka shi daɗe, matar da ta goya ni ce. In na rubuta ba a san ta ba, ƙarya na yi."

Bai yi fushi ba. Ya ce, "Malam, ni da kai muna ta gardama bisa kayan da ba namu ba. Tahi ka tambayi mai waƙa."

Ranar kasuwar da ta zagayo na hau mota zuwa Augie. Na same ta da hantsi a ƙarƙashin rumfa tana tsince albasa, tana ware masu ruɓa. Muka gaisa, ta tambayi mutanen unguwarmu Badariya ɗaya bayan ɗaya, ta ce na rame. Na yi ta kewaye-kewaye kafin na fito da abin da ya kawo ni. Na gaya mata akwai takarda da ake yi wa kowace waƙa, kuma takardar tana son sunan mai waƙa.

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Sunana? Mi za su yi da sunana? Kak ka sa shi."

Na ce to. Raina bai so ba, amma na ce to. Na riga na hango katin a durowar ƙasa.

Ta ci gaba da tsintar albasa. Can ta ce, "Abin ga naku, shina daɗewa?"

Na ce in an kula da shi, zai fi ni da ita daɗewa.

"Takardar ma?"

"Ita ma, Gwaggo."

Sai ta ajiye albasar da ke hannunta. Ta ce, "To akwai wurin da aka sa wanda anka yi ma waƙa?"

Na ce akwai.

"Sa nashi."

Na ce, "Gwaggo, duk wanda ya ga sunansa ai zai gane wadda ta yi waƙar."

Ta ce, "In sun gane, su da Allah. Ni dai ban hwaɗi ba. Kai ka san shi, ba sai na hwaɗa maka ba."

Da na kai wa shugaba wannan magana, ya buɗe littafinsa mai kauri, ya nuna mini cewa a ƙasan kowane kati akwai gurbin ƙarin bayani. Muka bar gurbin mawaƙi da kalmar "an sakaya", a ƙasa muka rubuta cewa mawaƙiyar sananniya ce ga wanda ya ɗauki waƙar, ita ce ta nemi a rufe sunanta. Ya ƙara da cewa kada a ba rediyo aron kaset ɗin muddin tana raye. Sunan waƙa kuwa, layinta na farko. Sai gurbin wanda aka yi wa waƙa. Na buga sunan taubashina da na mahaifinsa, da sana'arsa, da garinsu. Ban taɓa kiransa da cikakken sunansa ba sai ranar, kuma na yi kuka a kan tafireta, ba na jin kunyar faɗa. Katin bai je durowar ƙasa ba. Ƙarƙashin sunansa aka jera shi.

Na buga kati na biyu na kai mata da na je Sallah. Gwaggo ba ta karatun boko. Ta goge hannu a zane, ta karɓa, ta juya shi sama da ƙasa, ta ce in nuna mata wurin. Na ɗora yatsana a kai. Ta ture nawa ta ɗora nata, ta bi haruffan daga wannan gefe zuwa wancan, ta sake bi. Leɓenta bai motsa ba.

Ta ce, "Ashe ɗan guntu na haka."

Ta naɗe katin a bakin zanenta, ta tashi ta zubo mini tuwo.