Haƙorin da Inna Ke Tsaga Atamfa da Shi

Komai zan manta a duniya, ban da abin da idona ya gani a shekarar da na haifi 'yata ta fari. A shekarar ne wani ɗan ƙurji ya shiga tsakanin mahaifiyata da jikarta.

Inna atamfa take sayarwa a Zango tun ban san kaina ba, kuma ba ruwanta da almakashi. Ta auna zane, ta kama bakinsa da haƙorin ƙasa ta ɗan tsaga, sai ta ja da hannu. Haka ta ga uwarta tana yi.

A ƙasan haɓarta ƙurjin ya fito. Ya kumbura, ya fashe, ya bushe, mu ce alhamdulillahi, sai ya dawo. Mun sha yawon asibiti, an yi allura, an ba da na shafawa, har yanka shi aka yi a wani asibiti a unguwar Wemtenga. Daga nan surutu ya tashi a unguwa, wasu su ce jifa ne, wasu su ce cuta ce mai yaɗuwa. Inna ta ware kwanonta, ta riƙa naɗe haɓa da mayafi. Abin da ya fi ci mini rai, da na haihu ta ƙi ɗaukar jaririyar, sai dai ta leƙo daga bakin ƙofa. Na yi faɗa, ni da ma ba haƙuri ne da ni ba, amma ta ce ba za ta shafa wa yarinya abin da ba ta san sunansa ba.

Wata rana ina shagon Inna, wata mata ta zo sayen zane. Inna ta sauke mayafi don ta tsaga mata. Matar ta ƙura mata ido, sannan ta ce ita likitar haƙori ce a unguwar Zogona.

"Maman, tun yaushe haƙorin nan ya yi duhu?"

"Ai lafiyarsa lau, 'yata. Ya taɓa ciwo, na sa kanumfari ya yi shiru."

"Ba warkewa ya yi ba, mutuwa ya yi. Ku zo a yi radiyo, wato a ɗauki hoton cikin haƙorin."

Ni kam raina abin na yi, don ban ga abin da ya haɗa haƙori da haɓa ba. Amma da aka ɗauki hoton, ga wani baƙin tabo kamar ƙwayar wake a can ƙarshen saiwar haƙorin. Likitar ta ce cizon zanen ne ya kashe jijiyar, mugunya ta taru a gindi, da ta rasa mafita sai ta huda ƙashi ta ɓullo ta haɓa. Duk wannan aiki yana gudana cikin fuskar Inna, shiru, mu muna ta fama da fata.

Likitar ko taɓa mikin ba ta yi ba. Haƙorin ta huda ta baya, ta wanke cikinsa, muka yi ta komawa har ta toshe shi. Muna kallo ƙurjin ya ƙafe da kansa, ya bar ɗan loɓawa kawai.

Ranar da Inna ta yarda ta warke, ta shigo ɗakina ba mayafi a haɓa, ta zauna ta ce, "Miƙo mini ita." Lokacin yarinyar har ta fara rarrafe, ta ƙi zuwa, don ba ta san hannunta ba. Inna ta yi dariya, hawaye na zuba.

Tun daga nan na daina ɗaukar shirun ciwo a matsayin lafiya, kuma na san inda ciwo ya fito ba lalle nan yake zaune ba.